Riesling ta Mosel da ta Pfalz: da gaske ƙasar gona ce ke bambanta su?

Hauwa_Mainz
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar gidajen abinci a nan Jamus. Ina koyon aikin hidimar baƙi a wani otal, kuma a makarantar sana'a mun shiga darasin giyar inabi. Ni ba na sha, amma dole in iya ba baƙo amsa idan ya ce wace kwalba ce za ta dace da abincin da ya yi oda. Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce farar nan, Riesling, marar zaƙi, da suke rubuta wa trocken. A takardarmu akwai ta yankin Mosel, akwai ta yankin Rheingau, akwai ta yankin Pfalz, kowacce da kuɗinta, alhali inabin iri ɗaya ne. Malaminmu ya ce ƙasar gonar ce ke bambanta su. To da gaske dutse da ƙasa suna canza ɗanɗano, ko dabarar talla ce kawai? Sannan wane abinci ne ke tafiya da kowacce?

Bitrus_Wusasa
Sannu da ƙoƙari ƙanwata. Ba talla ba ce. Na daɗe a Neustadt, a tsakiyar Pfalz, kuma sau da yawa hanci kaɗai ya isa ya gaya miki daga ina kwalba ta fito. Ta Mosel ba ta da nauyi a baki, tsaminta a miƙe yake, ƙamshinta na koren tuffa ne da lemon tsami da ɗan fure. Tamu ta Pfalz ta fi cika baki, tana ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, a shekarar zafi har ki ji abarba da mangwaro. Ta Rheingau tana tsakaninsu, amma ta fi su tsauri. Mu nan duwatsun Haardt ne ke tare mana ruwan sama da iskar da ke tasowa daga yamma, shi ya sa wurin yake da ɗumi har ɓaure da almon suke yi a bakin hanya.

Nura_Geisenheim
Baba Bitrus ya faɗi gaskiya game da bambancin, sai dai ina so in tsaya kan yadda abin ke faruwa, domin a nan ne ake yawan ruɗa mutane. Ni fannina kimiyyar ƙasa ne. Saiwar inabi ba ta tsotso ɗanɗanon dutse ta kai shi cikin 'ya'ya. Ma'adanan da take ɗauka ba su da ƙamshi, kuma kaɗan ne ƙwarai. Aikin ƙasa uku ne: yawan ruwan da take riƙewa, zafin da take tarawa, da abincin da take ba kurangar. Duk wanda ya san tumatirin rani da na damina ya riga ya fahimci rabin zancen: iri ɗaya, amma wanda ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya fito salam.

A Mosel akwai wani baƙin dutse mai falle-falle da suke kira Schiefer, shekarunsa kusan miliyan 400. Ruwa ba ya kwanciya a kansa, sai saiwa ta yi ta nutsawa cikin tsagunsa tana nema. Da rana ya sha zafi, da dare ya saki a hankali. Gonakin kirki yawancinsu suna kan gangaren da ke fuskantar kudu, domin yankin yana wajen digiri 50 arewa, rana a karkace take zuwa, gangare ne ke tarbarta sosai. Kogin Mosel ma yana mayar da haske sama. Riesling kuma ba ya saurin nuna, sai an shiga Oktoba, dare ya yi sanyi, shi ya sa tsamin ba ya gudu yayin da ƙamshi ke taruwa.

A Rheingau kogin Rhein ne ya karkata ya nufi yamma daga Wiesbaden zuwa Rüdesheim, sai gaɓarsa ta dama ta zama doguwar gona mai kallon kudu, duwatsun Taunus na kare ta ta baya. Hauwa, ke da kike Mainz, ki hau jirgin ƙasa zuwa Nierstein da ke yankin Rheinhessen, ba nisa. Za ki ga gangare ja wur a bakin kogi, Roter Hang. Ki taɓa ƙasar da hannunki, za ki fi riƙe darasin.

Malam_Sani_Koln
Wa alaikumus salam. Hauwa 'yata, na ga kowa ya wuce wani abu bai taɓa ba, ni kuwa ba zan iya wucewa ba. Hadisin da ya yi magana kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya ambaci mutum goma, cikinsu har da mai ɗauka da mai zubawa. Na san neman na kai a ƙasar nan ba wasa ba ne, kuma ba ina zargin niyyarki ba ne. Amma otal yana da sassa da yawa: akwai wurin karɓar baƙi, akwai karin kumallo, akwai shirya taruka. Ki roƙi a mayar da ke ɗaya daga ciki. Allah ya buɗa miki ta inda ba ki zata ba.

Hauwa_Mainz
Amin Baba, na gode, kuma na ji. Maganar tana raina tun ranar da na fara. Na riga na nemi a mayar da ni sashen karin kumallo idan na gama. Amma darasin yana cikin jarrabawa, ba makawa sai na san shi.

Admin_Zaure
An yi nasiha, an karɓa. Wanda ke son a zurfafa hukunci ya buɗe wani zaren. A nan akwai Musulmi akwai Kirista, a ci gaba da mutunta juna.

Ladi_Trier
Hauwa, zancen kuɗi da kika kawo ni zan amsa miki, domin na yi aikin tsinkar inabi a tsakiyar Mosel lokacin ina ɗaliba. Wallahi wanda bai tsaya a gangaren nan ba bai san me ake biya ba. Ƙasar ba ƙasa ba ce, tarin fallayen dutse ne, kina taka su suna zamewa ƙarƙashin takalminki suna ƙara. Kina yanka da almakashi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da turke. A tsofaffin gonaki kowace kuranga da turkenta, an lanƙwaso rassanta biyu an ɗaure. Bokiti ya cika, ki juye a babban kwandon da wani ke goye da shi, shi ya hau ko ya gangara da shi. Inda abin ya fi ƙarfi akwai wani ɗan keke mai inji da ke hawa kan dogo guda. Da yamma idan kika ɗauki dutsen za ki ji shi da ɗumi a tafin hannu, ga iska ta riga ta yi sanyi. Abin da Nura ya bayyana ke nan, ni a hannuna na ji shi.

Tudun Calmont da ke ƙauyen Bremm a Mosel gangarensa ya kai digiri 65. Tarakta ba ta shiga irin wannan wuri. A Rheinhessen da yawancin Pfalz kuwa fili ne, inji ke girbi. Yawancin waɗanda muka yi aiki tare 'yan Romaniya ne da 'yan Polan, kuma masu gonar kullum kukansu rashin ma'aikata. Gonakin Mosel sun haura hekta 12,000 wajen 1990, yanzu ba su kai 9,000 ba. Kina tafiya a bakin kogi za ki ga gangaren da aka bari ƙaya ta cinye.

DanKudan
Ikon Allah. Mu a Kudan ta jihar Kaduna muna noman inabi, amma na ci ne, kuma a fili, kan rumfa. Tunda ba mu da hunturun da zai sa kurangar ta yi barci, datse ta muke yi mu tilasta mata sabon toho. Malam Nura, shi wannan Riesling ɗin zai yi a wajenmu?

Nura_Geisenheim
@DanKudan zai tsiro, amma ba zai ba da abin da ake nemansa dominsa ba. Zafi yana ƙone tsamin inabi da wuri, sukari ya taru kafin ƙamshi ya haɗu. Ƙwayoyinsa ƙanana ne a cushe, ga 'ya'ya a ciki, ba mai saye don ci. Ku riƙe irin da kuke da shi.

Aisha_Wiesbaden
Hauwa, na wuce wannan jarrabawar, ga abin da suke so ki haddace. Trocken na nufin sukarin da ya rage bai wuce gram 4 a lita ba, ko kuma har gram 9 idan tsamin bai gaza sukarin da fiye da gram 2 ba. Halbtrocken, wato mai ɗan zaƙi kaɗan, na iya kaiwa gram 18. Feinherb ba shi da adadi a doka, mai gona ne ke sa shi idan akwai ɗan zaƙi. Inda ake faɗuwa shi ne Kabinett da Spätlese da Auslese. Waɗannan suna nuna yadda inabi ya nuna ranar da aka tsinke shi, da ma'aunin Oechsle na sukarin ruwan inabi, ba zaƙin da ke cikin kwalba ba. Idan kika ga Spätlese trocken, ba ta da zaƙi. Idan Spätlese ce kawai daga Mosel, ki ɗauka tana da shi. GG a jikin kwalba, tare da tambarin gaggafa na VDP, ƙungiyar masu gonakin inabi, marar zaƙi ce daga gonar da suka sa a sahun farko. Yankunan noman inabi na Jamus 13 ne. Takarda mafi daɗewa da ta ambaci Riesling ta 1435 ce, daga Rüsselsheim, nan kusa da ke. Suna kuma son labarin gonar Schloss Johannisberg ta Rheingau na 1775, da ɗan aike ya makara da izinin girbi har inabi ya fara ruɓa, daga nan aka gane amfanin jinkirta tsinka.

Yakubu_Bonn
A ƙara da cewa Mosel ce ta fi ko'ina yawan Riesling a duniya.

Aisha_Wiesbaden
A'a Yaya Yakubu, Pfalz ta wuce ta, tana da kusan hekta 6,000. A Jamus gaba ɗaya wajen hekta 24,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin inabinsu. Idan kuma kaso ake nufi, Rheingau ce kan gaba, fiye da kashi 70 cikin 100 na gonakinta Riesling ne.

Moussa_Damagaram
Salamu alaikum. Ni kuku ne a Frankfurt, bari in taɓa tambaya ta biyu tunda an bar ta a baya. Hauwa, kar ki haddace sunayen abinci, ki dubi abu uku a faranti: maiƙo, gishiri, yaji. Tsami yana yanke maiƙo. Shi ya sa ake matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi, kuma aikin da Riesling marar zaƙi ke yi ke nan. Kifin kogi da aka soya da man shanu, ko wanda aka banɗa da hayaƙi, ko jatan lande, ki ba da ta Mosel ko ta Saar, kogin da ke zuba cikin Mosel, mai sauƙi. Schnitzel na naman maraƙi, gasasshiyar kaza, miya mai kirim, ki haura zuwa Rheingau. Abinci mai nauyi na 'yan Pfalz, irin Saumagen ɗinsu na naman alade da marigayi Helmut Kohl ke ciyar da manyan baƙinsa, da tasu ta gida suke ci, domin tana da jikin da za ta tsaya masa.

Abin da za ki kiyaye shi ne salak mai ruwan binega da yawa. Tsami ya haɗu da tsami, giyar sai ta koma kamar ruwa. Kayan zaƙi ma haka, marar zaƙi ba ta zama kusa da kek. Ki kawo ta da sanyi, digiri 8 zuwa 10, GG kuma a bar ta ta ɗan huce, sanyi da yawa yana rufe ƙamshi.

Lokacin Spargel, farin tsiron nan da Jamusawa ke rububi daga Afrilu zuwa 24 ga Yuni, ni Silvaner ta yankin Franken, wani irin farin inabi daban, nake cewa a kai. Tsaminta bai kai na Riesling ba, ba ta danne shi. Ita ce mai gajeriyar kwalba mai faɗin ciki.

Bitrus_Wusasa
Malam Moussa ya ba da ilimi. Zan ƙara namu na gida. Duk Kirsimeti nakan gasa tsire da yajin ƙuli da ake aiko mini daga Zariya, in buɗe Riesling ta ƙauyen Forst na nan Pfalz, inda ƙasarsu ke gauraye da baƙin dutsen aman wuta. Maƙwabtana Jamusawa har tambaya suke yaushe za a sake.

Moussa_Damagaram
Baba Bitrus, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Idan yajin ƙuli ne da citta ya fi yawa, to, maiƙon gyaɗa da hayaƙin nama za su karɓe ta. Amma da zarar barkono ya yi ƙarfi, barasa tana ƙara masa wuta. Manya-manyan na Forst suna kaiwa kashi 13. Ka ba wanda bai saba ba wannan da farfesu mai attaruhu, hawaye zai yi. Abinci mai barkono, namu ne ko na Tailan ko na Indiya, yana son mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa, irin Kabinett ta Mosel mai kashi 8.

Ladi_Trier
Ina bayan Moussa. Dafa-duka mai attaruhu da feinherb, ban ga abin da ya kai su ba.

Bitrus_Wusasa
Ladi 'yata, harshen da ya tashi da barkono daban ne. Ni zaƙi kusa da nama ba ya shiga mini. Amma ga baƙon otal, Hauwa ta bi ta Moussa.

Maman_Ilham
Ni tambayata daban. Ina ganin wasu kwalabe a kanti an rubuta Riesling amma babu barasa. Mene ne su? Ko Hauwa za ta iya koyo da su?

Aisha_Wiesbaden
Anti, iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla, Traubensaft, wanda ba a taɓa barinsa ya tsima ba, wasu masu gona suna matse shi daga Riesling kaɗai. Akwai kuma wadda aka yi giya tukuna sannan aka janye barasar da na'ura. Gidan Carl Jung na Rüdesheim sun fi shekara 100 suna wannan. Ita ta biyun doka ta yarda a samu ragowar har kashi 0.5, sai in an rubuta 0.0, kuma malamai sun yi saɓani a kanta tunda asalinta giya ce. Ni ta farkon nake saye.

Nura_Geisenheim
Ruwan zai nuna mata tsamin Riesling, wannan kam sosai. Ƙamshin ne ba zai nuna duka ba, domin yawancin sinadaran ƙamshin a ɗaure suke da sukari a cikin inabi, sai yis ya yi aiki suke kwancewa.

Hauwa_Mainz
Na gode ƙwarai, ina ta kwafewa. Wani abu kuma: wani baƙo ya mayar da kwalbar Rheingau ta 2015, ya ce warin kananzir take yi. Oga ya shinshina ya ce lafiyarta ƙalau, amma ya canza masa. Wa ke da gaskiya?

Nura_Geisenheim
Ogan. Wani sinadari ne, TDN, da ke fitowa idan Riesling ta kwana biyu a kwalba, musamman in inabin ya sha rana. Masu sonta nemansa suke yi. Lalacewa ta gaske ita ce warin jiƙaƙƙen kwali, wannan daga murfin toto yake. Gara ki sanar da baƙo tun kafin a buɗe tsohuwar kwalba. Wanda ƙamshin fure yake so, ki nuna masa Scheurebe, irin da Georg Scheu ya haɗa a Alzey a 1916, ko Muskateller, ko Gewürztraminer mai ƙamshin wardi. Duk ana yin su marasa zaƙi, Gewürztraminer kuwa tana tafiya da cuku mai ƙarfi da abinci mai citta.

Garba_Hamburg
Na karanta daga sama har ƙasa, kuma ina ganin an yi saurin wuce tambayar Hauwa ta farko. Na yi aiki a shagon sayar da su. Ban ce ƙasa ba ta da tasiri ba, amma hannun mai yi fa? Wani ya tsinka farkon Oktoba, maƙwabcinsa ya jira ƙarshen wata. Wani ya zuba yis na saye, wani ya bar na gona ya yi aikinsa. Wani a tankin ƙarfe, wani a tsohuwar gangar katako mai lita 1,000. Mutum biyu a gona ɗaya, Wehlener Sonnenuhr misali, sai su fitar da abu biyu da ba za ka ce 'yan gida ɗaya ba ne. Sunan gona a jikin kwalba yana ninka kuɗi, kuma dokar giyar inabi ta Jamus ta 2021 ta ƙara jingina daraja ga wurin da inabi ya fito. To wa zai ce maka ba ƙasa ba ce, alhali da ita yake cin abinci? Ga zafi kuma. A 2018 na ga na Mosel masu nauyin da a da sai a Pfalz.

Ladi_Trier
Yaya Garba, zancen zafi gaskiya ne, tsofaffin da na yi wa aiki sun ce a yarintarsu har Nuwamba ake tsinka. Amma sunan gona ba jiya aka ƙirƙiro shi ba. Tun 1868 gwamnatin Prusiya, mai mulkin yankin a lokacin, ta zana taswirar gonakin Mosel da Saar gwargwadon harajinsu, kuma waɗanda ta sa a sama su ne dai ake rububi yau.

Bitrus_Wusasa
Hanyar gwaji a buɗe take. A samu mai yi ɗaya, shekara ɗaya, gona biyu. A Forst, gonakin Pechstein da Kirchenstück tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa tsakaninsu, kuma ba su taɓa zama ɗaya a bakina ba.

Garba_Hamburg
Baba, da tambarin a gabanka ka ɗanɗana ko a rufe? Sannan mai yin ya san wace gona ce ta fi tsada, ba zai yi musu hidima iri ɗaya ba.

Nura_Geisenheim
Wannan ƙorafin na Yaya Garba yana da ƙarfi, shi ya sa a bincike ake tsinko inabi daga gonaki daban-daban a sarrafa su a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, a ba masu ɗanɗano ba tare da suna ba. Bambanci yana fitowa, amma na shekara da shekara yakan yi gogayya da na ƙasa. Hauwa, a jarrabawa ki rubuta huɗu tare: ƙasa, yanayi, gangare, da aikin mai gona.

Garba_Hamburg
To a cikin huɗun wanne ne babba? Nan ne ni da Baba Bitrus muka rabu. Nura, in kana da sakamakon irin wannan gwajin na yankin Nahe, inda ƙasa ke canzawa daga ƙauye zuwa ƙauye, ka sa mana a nan mu gani.